Daga Ramin Dara Zuwa Gilashin Waya: Tarihin Gem a Jega, Aliero da Maiyama

Idan ana ba da tarihin garuruwanmu, ba a cika tunawa da wasa ba. Jega kasuwarta ake ambata, Aliero albasa da ɗorin karaya da jami'a, Maiyama kuwa noma da babban titin da ya ratsa ta zuwa Koko da Yawuri. Amma akwai wani baƙo da ya shigo waɗannan garuruwa uku na masarautar Gwandu ba tare da sallama ba, ya samu wuri ya zauna, har ga shi yau a aljihun kusan kowane matashi. 'Yan boko suna ce masa wasan bidiyo, mu kuwa a bakin titi gem muke cewa. Mu da muka tashi tare da shi, muka kuma wayi gari rubuta manhaja ce sana'armu, muna ganin ya kamata a bi sawunsa: daga ina ya fito, ta wace hanya ya iso, me muka yi da shi, me kuma ya rage ba mu yi ba.

Kafin zuwan baƙon

Gem bai tarar da mu hannu rabbana ba. Yara maza suna da langa da kokawa da wasan ɓuya da motar kara, 'yan mata suna da gaɗa da carafke, manya kuma suna da dara. A cikin waɗannan duka, dara ce ta fi kama da abin da muke kira gem a yau, domin ita ce ba ta neman ƙarfin jiki sai na kai.

Ana haƙa ramuka 30 a ƙasa, layi 5, kowane layi rami 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya riƙe kara, wancan ya riƙe tsakuwa. Da farko ana dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda mutum ya jera uku a lokacin dashe ba. Idan an gama sai a fara tafiya, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku cif a layi ya ci ɗa guda na abokin karawarsa, jerin huɗu kuwa ba ya ci. Dokokin sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma ƙashin bayansu ke nan. Littattafan wasannin duniya da aka rubuta da Turanci, idan suka zo kan dara, Dakarkari suke ambata, wato mutanen ƙasar Zuru da ke nan cikin jiharmu ta Kebbi. Zabarmawan Nijar ma suna buga irinta. Ta kuma shiga harshenmu har ta zama karin magana, inda ake cewa dara ta ci gida idan dabarar mutum ta juyo kansa.

Abin lura shi ne yadda ake buga ta. Mutum biyu ne a bakin rami, amma mutum goma ne a kewaye, kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Wanda aka ci ya tashi, wani ya zauna. Mai karatu ya riƙe wannan tsari, domin zai sake cin karo da shi a gaba.

Baƙin wasanni ma sun riga gem zuwa. Ludo asalinta wasan Indiya ne da ake kira Pachisi, Turawan Ingila suka sake mata fasali a 1896. Kartar Whot a Ingila aka ƙirƙiro ta a 1935, amma yau a Nijeriya ta fi farin jini. Ke nan karɓar wasan wasu mu mai da shi namu tsohuwar ɗabi'armu ce.

Inda aka haife shi

Gem ɗan ɗakin bincike ne. A 1958 wani masanin kimiyya a Amurka, William Higinbotham, ya haɗa wasan tanis a ɗan ƙaramin gilashin na'urar auna lantarki, don kawai ya nishaɗantar da masu ziyarar cibiyar bincike ta Brookhaven. A 1962 Steve Russell da abokansa a jami'ar MIT suka rubuta Spacewar a kan kwamfutar da ta kai girman kabad. Sai a 1972 abin ya zama kasuwa: kamfanin Atari ya fitar da Pong, akwatin Magnavox Odyssey da Ralph Baer ya tsara kuma ya shiga gidajen mutane. A 1976 wani injiniya baƙar fata ɗan Amurka, Jerry Lawson, ya jagoranci aikin akwatin Fairchild Channel F, wanda ya fara amfani da kaset ɗin da ake zarewa a saka wani. Duk yaron da ya taɓa hura kaset da baki a Jega don ya kama, gadon wannan aiki ya riƙe a hannunsa.

Daga nan Japan ta karɓi ragama. Space Invaders ya fito a 1978, Pac-Man a 1980. A 1983, shekarar da kasuwar gem ta durƙushe a Amurka saboda an cika ta da tarkacen wasanni, kamfanin Nintendo ya fitar da akwatin Famicom a Japan. Shi Nintendo tun 1889 yake a birnin Kyoto, kuma da buga karta ya fara. A 1985 Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka fitar da Super Mario Bros. Wasan gaba ɗaya, da waƙarsa da zanensa da matakansa 32, kilobait 40 ne kacal. Hoto guda da za ka ɗauka da wayarka yau ya ninka shi girma sau da yawa. Ƙwaƙwalwar aiki ta akwatin kuwa kilobait 2 ce. Wannan ƙaranci shi ya koya wa masu ƙira tattali: gajimaren da ke sama a wasan Mario da ɗan kurmin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya.

Kaset mai ruwan ɗorawa

Nintendo bai yi Famicom don Kebbi ba, bai ma kawo shi nan ba. Abin da ya iso mana jabu ne. Akwatin da aka sayar a Japan ba shi da makullin da kamfanin ya saka wa na Amurka don hana kaset ɗin wasu aiki, saboda haka masana'antun Taiwan da Sin suka kwaikwaye shi, daga baya ma suka dunƙule kayan cikinsa duka a ƙwaya ɗaya mai arha. Wannan jabu ne ya yi renon yaran Rasha da sunan Dendy tun daga 1992, shi ne kuma ya yi renon yaran Afirka da na Kudancin Amurka da sunaye iri-iri.

Hanyar da ya bi zuwa wurinmu ba sabuwa ba ce. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, tun ƙarni na 19 zango ce ta fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, kuma kasuwarta ta yi suna a faɗin daular Usmaniyya. Da mota ta maye gurbin jaki, garin ya ci gaba da zama mahaɗa: titin Sakkwato, titin Birnin Kebbi, da titin kudu da ya bi ta Maiyama. Kayan lantarki daga kasuwar Alaba ta Legas, da Anaca, da Sabon Garin Kano, da kayan gwanjon Kwatano, ta nan suke faɗowa kafin su bazu ƙauyuka. A tsakanin rediyo da tocila da batir ne akwatin gem ya sami gurbi a teburin 'yan tireda.

Mu da muka yi ƙuruciya bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 muna tuna kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasanni dubbai a jikinsa. Idan ka kunna sai ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sunaye daban. Akwai Mario, akwai Contra, akwai wasan tankar yaƙi, akwai Duck Hunt da bindigarsa ta roba, wadda sai da tsohon talabijin mai ƙeya take aiki. Waɗanda gidansu babu wuta kuwa suna da ɗan akwatin hannu mai batir da ake jera tubali, wanda shi ma jabun Tetris ne, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Ba mu san ɗaya daga cikin sunayen nan ba a lokacin. Mun dai san gidan wane ne ke da talabijin, da kuma lokacin da mahaifinsa ke fita.

Gidan gem

A ƙasashen da aka ƙera shi, akwatin gem abin ɗakin yaro ne, shi kaɗai ko shi da ƙanensa. A nan kuwa talauci da rashin wuta da tsohuwar al'adar dandali suka haɗu suka haifi wani abu daban, wato gidan gem. Shago ne ko rumfar kwano, da benci, da talabijin biyu ko uku, da ɗan janareta yana kuka a bayan gida. Ba ka sayen akwati, mintuna kake saya.

Abin da ya sa sana'ar ta tsaya da ƙafarta shi ne PlayStation, wanda Sony ya fitar a Disamban 1994, sai na biyunsa a 2000, wanda aka sayar da sama da miliyan 150 a duniya. Su faifai suke ci, faifai kuwa ana iya kwafarsa da arha idan an dasa wa akwatin wata 'yar ƙwaya. Nan take masu gyaran rediyo suka koyi sabon aiki: dasa ƙwaya, goge idon da ke karanta faifai, ɗinke wayar fad ɗin da yara suka tsinke. Da yawa cikin masu gyaran waya na yau a wannan benci suka fara riƙe ƙarfen narka dalma.

An yi Mortal Kombat da Street Fighter, amma ƙwallon ƙafa ce ta mallaki gidan gem. Lokacin ya dace: Nijeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Kanu ya koma Arsenal a 1999, gidajen kallon ƙwallo suna ta buɗewa. Wasan Winning Eleven na kamfanin Konami sau da yawa da rubutun Japananci yake zuwa, sai yara suka haddace inda za a danna ba tare da sun karanta ko harafi ɗaya ba, suna kwaikwayon ihun mai sharhinsa Jon Kabira. A cikin wasan akwai wanda duniyar gem duka ta sani da gudu, Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ajax, wanda ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2000. A wurin yawancinmu shi ne suna irin namu na farko da muka gani a cikin gem, kuma kafin a fara wasa sai an yi gardamar wa zai ɗauki Nijeriya.

Dokar gidan kuwa ba daga Japan ta zo ba. "Wanda anka ci shi tashi," in ji mai shago, kuma wanda aka ci shi ke biya. Mutum biyu ke riƙe da fad, sauran suna tsaye a baya suna koyar da su. Wannan ai dara ce aka saka wa wuta. A Aliero, bayan kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar a 2006, ɗalibai daga sassan ƙasar nan suka zo da kwamfutocin cinya da sababbin wasanni, aka fara shirya gasa tsakanin ɗakunan kwana, 'yan gari suna shiga.

Iyaye da malamai ba su yi shiru ba, kuma ƙorafinsu yana da tushe. An yi yaran da suka gudu daga makarantar boko da ta allo, an yi canjin aike da ya ƙare a hannun mai shago, an yi sallar magariba da ta wuce ana jiran bugun fanareti. Haka kuma gidan gem na maza ne zalla. 'Yar'uwarmu da ta fi mu iya Mario a gida ba ta da hanyar taka ƙofarsa.

Da ya shiga aljihu

Waya ce ta rushe wannan katanga. Kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya saka wasan maciji a wayarsa tun 1997, layukan salula suka fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, bayan 'yan shekaru kuma suka iso garuruwanmu. Nokia 3310 ta zama akwatin gem na farko da ya shiga ɗakin amarya, ya je fadamar albasa, ya hau kan amalanke. Daga nan aka shiga zamanin ƙananan wasannin Java da ake turawa ta Bluetooth, ko a biya mai shagon caji ya zuba a memori. Sai wayoyin Android masu araha suka zo da Candy Crush da Ludo King da Dream League, sannan Free Fire a 2017 da PUBG na waya a 2018, inda yaro a Maiyama zai haɗa runduna da wani a Maraɗi su kara da 'yan Indiya.

Gidan gem bai mutu ba, amma ya ji jiki, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin shayar da janareta ya ninka. Wasu sun koma hasken rana, wasu sun rufe. Abin da ya fi damunmu shi ne maƙwabcin da ya zo ya zauna a gurbinsu. Shagon caca na zamani kamannin gidan gem gare shi: benci, talabijin, matasa, har da ƙwallon bogi da kwamfuta ke bugawa cikin 'yan mintuna. Bambancin shi ne a can gwaninta ke ci, a nan kuwa an riga an tsara lissafin yadda mai shago ne zai ci a ƙarshe. A cikin wayar ma, wasanni da yawa da ake saukewa kyauta an gina su ne don su ja mutum ya sayi akwatin sa'a da bai san abin da ke ciki ba, abin da ƙasar Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca tun 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta amince da saka jarabar gem cikin jerin cututtuka. Da a dandali ake wasa, babba yana wucewa ya tsawata. Yanzu a ƙarƙashin bargo ake yi, ƙarfe biyun dare.

Labarinmu a hannun wasu

Shekaru sama da 30 ke nan muna bugawa, amma ƙira tana hannun wasu. A Legas akwai Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012, a Gana da Kenya akwai Leti Arts, a Kamaru kuma Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. Sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne a Afirka.

Tarihin Hausa kuwa tuni ya shiga gem, sai dai ta hannun baƙi. A 2020 kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da Crusader Kings III, inda mutum zai iya fara wasa a shekarar 867 a matsayin Daurama ta Daura. A watan Agustan 2021 aka ƙara Hausawa cikin Age of Empires III na kamfanin Microsoft, da mahaya masu lifidi da wani soja da ake kira Maigadi. Sun yi bincike, sun kuma cancanci yabo. Amma a wasan, Sarauniya Amina ta Zazzau ce shugaba, babban birninta kuma Kano. Wanda yake kallo daga nesa dole ya dunƙule abubuwa. Matsalar ita ce yaron da bai karanta tarihi ba abin da ya gani a gem shi zai riƙe, kamar yadda muka riƙe sunayen 'yan ƙwallon da ba mu taɓa gani a fili ba.

Idan Daurama da Amina sun isa a yi musu gem a ƙasashen waje, labarin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya na Songai a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame da ganuwar dutse, ya isa a yi masa gem a Aliero. Haka bikin kamun kifin Argungu da Hukumar UNESCO ta saka cikin al'adun duniya a 2016. Haka tafiyar ayarin goro daga Jega zuwa Gwanja, da lissafin guzuri da kuɗin fito da 'yan fashi. Haka ma noman albasa: yaushe za a dasa, nawa za a sayar a kaka, nawa za a adana a yi kasadar ruɓewa don jiran farashi. Duk manomin Aliero yana buga wannan wasan dabara kowace shekara da dukiyarsa ta gaske.

Daga ina za a fara

A ganinmu da dara za a fara, domin ita ce mafi sauƙin rubutawa kuma ita ce ta fi kusa da ɓata. Kowane rami hali uku gare shi: babu kowa, nawa, ko naka. Da ramuka 30, yanayin fili gaba ɗaya bai kai bait 8 ba a ƙwaƙwalwar waya. Amma idan aka ninka 3 sau 30 a kanta, lissafin ƙoli na yadda filin zai iya kasancewa ya haura tiriliyan 205, duk da cewa dokokin wasan suna rage adadin sosai. Wasa ne ƙarami a jiki, mai zurfi a ciki. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke ajin ƙarshe zai iya rubuta shi a zango ɗaya, ya koya wa waya hangen motsi biyar ko shida a gaba da dabarar da ake koyarwa a darasin ƙirƙirarriyar basira. Kayan aikin ma kyauta ne: Godot ba a biyan ko kwabo, Scratch kuma yaron firamare zai iya farawa da shi.

Akwai sharuɗɗan da wanda ya zauna a nan ne kawai zai san muhimmancinsu. Wasan ya zama mara nauyi, ya yi aiki ba data, ya buɗe a tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Mutum biyu su iya bugawa a waya ɗaya, domin haka muka saba. A zaɓi rubutun da ke da ƙ da ɗ da ɓ, don kada sunan mutum ya fito da akwati a tsakiya. Kada a saka akwatin sa'a. Kafin kuma a rubuta layi ɗaya na umarni, a ɗauki littafi a je gindin bishiyar da tsofaffi ke zama a Kimba ko Sabiyal ko Mungadi, a gaishe su, a ce: "Baba, yaya ake buga ta a garin nan?" Kowace dokar gari a rubuta ta da sunan garin, a bar wa ɗan wasa ya zaɓa.

Wannan tambaya ita ce ba ta jira. Manhaja ko baɗi aka rubuta ta za ta yi aiki, amma gwanayen da suka san sunayen tarkon dara da yadda ake kwance su suna raguwa kowace shekara, jikokinsu kuma suna gefe da waya a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da kaka ko kawu mai buga dara, ya je wurinsa da yammacin Juma'ar nan, ya haƙa ramuka 30, ya yarda a ci shi sau uku, ya rubuta abin da ya gani.